Camry, Accord, Sonata ko Mazda6: Wacce Ta Fi Dacewa da Mai Iyali?

Motocin nan huɗu girmansu kusan ɗaya ne. Tsawon kowacce ya kusa mita 4.9, kowacce tana ɗaukar mutum biyar, tana da ƙofa huɗu da but a baya, kuma farashin sabbinsu bai yi wa juna nisa ba. Wannan kamanni ne ke sa mai saye ya rasa ta zaɓa, ya koma yana tambayar suna kawai. Amma a ƙarƙashin suna ɗaya akwai injuna biyu ko uku da giya iri daban-daban, kuma su ne ke yanke yadda motar za ta zauna da kai bayan shekara biyar. Accord mai injin lita 1.5 da Accord mai haɗin lantarki, wato mai aiki da fetur da batir tare, a wajen makanike, motoci biyu ne.

Za a duba waɗannan zubi: Camry ta 2018 zuwa 2024, Accord ta 2018 zuwa 2022, Sonata daga 2020, da Mazda6 ta 2018 zuwa 2021. Alƙaluman na motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka ne, waɗanda aka ƙera don wasu ƙasashe sukan zo da ƙaramin inji ko wata giya, don haka a duba takardar motar da ke gabanka.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne inji da giya, domin nan babban kuɗin gyara yake. Na biyu tuƙi: yadda take amsa totur, yadda take shiga kwana, yadda ƙafarta ke shanye gargada. Na uku zama, musamman kujerar baya da but, tunda motar iyali ce, kuma waɗanda ke baya ba su da bakin magana ranar saye amma su ke shan wahalar kuskuren. Sai cin mai. Sai kuɗi ta fuska uku, wato na saye, na kula da ita, da abin da za ka samu ranar sayarwa. Na ƙarshe, sananniyar cutar kowace mota da yadda ake gano ta kafin a biya.

Akwai abu ɗaya da ya shafi dukkansu, kuma masu saye da yawa ba sa kula da shi: girman rim. Tayar da aka rubuta wa 215/55R17 tana da kaurin gefe na kimanin milimita 118. Wadda aka rubuta wa 235/40R19 tana da 94 kacal. Wannan ɗan bambancin na milimita 24 shi ne tsakanin motar da ke haɗiye rami da wadda ke miƙo maka shi har ƙugu. Taya mai siririn gefe ta fi saurin kumbura idan ta daki bakin rami, rim ɗinta ya fi saurin lanƙwasa, ta fi ƙara a kan kwalta, sabuwarta kuma ta fi tsada. Duk motar da ka zaɓa a cikin huɗun nan, idan kwanciyar hankalin iyali kake nema, rim mai inci 17 ya fi maka.

| | Camry | Accord | Sonata | Mazda6 |
|---|---|---|---|---|
| Injin da aka fi samu | lita 2.5 | lita 1.5 mai turbo | lita 2.5 | lita 2.5 |
| Ƙarfin doki | 203 | 192 | 191 | 187 |
| Giya | mai hawa 8 | CVT (mara hawa, mai bel) | mai hawa 8 | mai hawa 6 |
| Cin mai (lita a kilomita 100) | kimanin 7.4 | kimanin 7.1 | kimanin 7.4 | kimanin 8.1 |
| Filin ƙafa a baya (milimita) | 965 | 1,026 | 884 | 983 |
| Girman but (lita) | 428 | 473 | 453 | 416 |
| Akwai mai haɗin lantarki? | e | e | e | a'a |
| Riƙe daraja | mafi ƙarfi | mai ƙarfi | mafi rauni | matsakaici |

Cin man da ke cikin jadawalin na gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka ne, haɗin gari da babbar hanya. A cunkoso da zafi da na'urar sanyi a kunne, kowacce za ta ci fiye da haka.

Toyota Camry

Injin lita 2.5 na wannan zubi ba shi da turbo, wato na'urar da ke matsa wa inji iska, kuma yana fesa mai ta hanya biyu: kai tsaye cikin silinda, da kuma ta bayan bawul ɗin shigar iska. Amfanin wannan a aikace shi ne fetur yana wanke bayan bawul, baƙin kunkunniya ba ya taruwa kamar yadda yake yi a injinan da ke fesawa kai tsaye kawai. Sarƙa ce ke juya tayimin ɗinsa, babu bel ɗin da za a riƙa lissafin ranar canza shi. Baƙin man da kamfanin ya rubuta masa shi ne 0W-16, mai tsinkakke ƙwarai, kuma an ƙera famfon man da ramukan cikin injin ne da lissafinsa. Zuba masa mai kauri irin na tsofaffin motoci don wai ya fi riƙe inji kuskure ne.

A tuƙi, Camry ta 2018 ta bambanta da magabatanta. An sauke ta ƙasa, an ba ta ƙafar baya mai hannuwa da yawa, ta daina lilo a kwana kamar kwale-kwale. Duk da haka halinta na natsuwa ne. Ƙarfin jan injin, wato 250 a ma'aunin Nm, sai ya kai juyi 5,000 a minti yake cika, saboda haka idan za ka wuce babbar mota sai ka taka sosai, giya ta sauko hawa biyu ko uku, injin ya ɗaga murya. Muryar ba ta da daɗi, gaskiya. Giyar mai hawa takwas a motocin 2018 da farkon 2019 tana da ɗan jinkiri idan ka rage gudu sosai sannan ka sake takawa, kamar a shataletale. An gyara yawancin wannan ta sabunta manhajar giyar, amma a gwada kafin a saya. Akwai kuma mai silinda shida, lita 3.5, doki 301, mai santsi da ƙarfi, sai dai yana shan mai, kuma mai iyali da wuya ya buƙace shi.

Kujerun gaba masu laushi ne, na baya suna ɗaukar manya biyu da yaro ba tare da takura ba, amma ba ita ce mafi fili ba, but ɗinta ma na uku ne a cikin huɗu. Ƙananan ajinta da dama ba su da ƙofar iskar sanyi ta baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaran da za su yi awa huɗu a baya da rana.

Inda Camry ta yi zarra shi ne kuɗin zama da ita. Ta shafe fiye da shekara ashirin tana gaba a cinikin irin waɗannan motoci a Amurka, ana kuma sayar da ita a nahiyoyi da yawa, don haka kayan gyaranta da masu iya ta suna ko'ina. Kana biyan wannan a ranar saye, domin ta hannu takan fi sa'o'inta tsada ko da kayan ƙawarta ba su kai nasu ba, amma kuɗin yana dawowa ranar sayarwa. Abin da za a bincika: a shekarar 2020 an yi kiranye, wato an kira motoci su dawo a gyara, kan famfon mai na cikin tanki da kamfanin Denso ya ƙera, wanda farfelarsa ke kumbura ta tsaya, mota ta mutu a kan hanya. Ya shafi Camry da Accord na waɗannan shekaru. Lambar shasi ce za ta nuna ko an canza shi.

Honda Accord

Wanda ya buɗe ƙofar baya ta Accord ya zauna zai gane dalilin da ya sa masu iyali ke son ta. Fiye da mita ɗaya na filin ƙafa, ga but mafi girma a cikin huɗun. Kujerar jariri mai kallon baya tana shiga ba tare da an tura kujerar gaba har gwiwar mai zama ta taɓa dashbod ba, abin da ba kowace mota ke iyawa ba. Illarta biyu: rufin ya zubo ta baya, dogon mutum sai ya sunkuya wajen shiga, kuma kujerun suna ƙasa sosai. Dattijo mai ciwon gwiwa zai ji shi duk lokacin fita.

A tuƙi ita ce ta fi daidaito. Ba ta da nauyi, sitiyarinta yana faɗa maka abin da tayoyin gaba ke yi, kuma ƙarfin jan injin 1.5, wato Nm 260, yana zuwa tun daga juyi 1,600, shi ya sa take jin sauƙi a cikin gari fiye da Camry duk da dokinta bai kai ba. Giyar CVT ɗinta tana cikin masu kyau a irinta. Wadda ta fi burgewa ita ce mai lita 2.0 da turbo, doki 252, da giya mai hawa goma, amma an daina yin ta da zuwan zubin 2023. Ƙarar taya tana shigowa ɗaki fiye da yadda take a Camry, musamman a kan rim 19.

Yanzu ga inda ya kamata a tsaya a yi tunani. Injin 1.5 ƙarami ne da ake matsa wa iska don ya yi aikin babba, kuma yana da rauni biyu da aka sani. Na farko, fetur yana tsiyaya ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai. Hakan ya fi faruwa a wurare masu sanyi da kuma gajerun tafiye-tafiye, inda injin ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone fetur ɗin. Ana gane shi da sauƙi: zaro sandar awon mai, idan man ya haura alamar sama kuma yana warin fetur, to ga shi nan. Na biyu ya fi tsada, shi ne gasket na kan silinda da ke saki a wasu motocin idan sun yi nisa. Alamominsa su ne injin ya yi rawa na 'yan daƙiƙu a tashin safe sannan ya daidaita, ruwan lagireto ya riƙa raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba, kwamfuta kuma ta nuna wata silinda tana tsallake wuta. Ba kowace mota ke yi ba, da yawa suna cin dogon zango lafiya, amma wanda zai sayi ta hannu dole ya ga tashinta da injin a sanyaye, kada ya yarda a ɗumama ta kafin ya iso.

Giyar CVT tana aiki ne da bel na ƙarfe tsakanin faranti biyu, kuma rayuwarta tana cikin manta. Man HCF-2 ne nata. Zuba mata man giya na gama-gari yana sa bel ya riƙa zamewa, daga nan sai sabuwar giya. Canza shi kowane kilomita 40,000 zuwa 50,000 ya fi jiran sai ta fara kuka. A farashi Accord tana dab da Camry, tana riƙe daraja kusan kamarta, amma tana buƙatar mai shi ya zama mai kiyaye lokacin juye.

Hyundai Sonata

A babban ajinta Sonata za ta ba ka babban allo, kujerun fata masu ɗumi ko sanyi, kyamarar da ke nuna gefen da madubi ba ya gani da zarar ka kunna sigina, har da shiga wurin ajiye mota da kanta kana tsaye a waje da makulli. A ciki tana da shiru da tsari, gaba kuma akwai fili mai yawa. Alƙaluman filin baya sun nuna ta a ƙarshe, kodayake idan direba ba dogo ba ne ya matsa gaba, bambancin yana raguwa. Ƙafarta ta ɗan fi ta Camry tauri a ƙananan gargada, kuma tuƙinta ba ya jan hankali ta kowace fuska, mai kyau ko mara kyau.

Sunanta yana ɗauke da tsohon tabo, kuma dole a rarrabe. Sonata ta 2011 zuwa 2019 ta zo da injin Theta II, lita 2.4 ko 2.0 mai turbo. A wasunsu ɓarɓashin ƙarfe daga masana'anta ya toshe ramukan mai na karanshaf, metal ya ci, inji ya buga, wasu ma har da gobara. A 2015 aka fara kiranyen motoci kimanin 470,000 na 2011 da 2012, daga baya aka faɗaɗa, aka kuma saka manhajar da ke sauraren ƙwanƙwasar metal ta rage wa motar ƙarfi kafin ta ƙarasa. Sonata ta 2020 zuwa sama sabon inji take da shi, lita 2.5, mai fesa mai ta hanya biyu kamar na Camry, da giya ta gargajiya mai hawa takwas. Ba shi ne wancan ba. Sai dai bai kai na Toyota shekarun shaida ba, kuma har a kansa yana da kyau a riƙa duba sandar mai tsakanin juye da juye.

Wannan tarihi ne ke karya darajarta da wuri. Ga mai sayen sabuwa asara ce, ga mai sayen 'yar shekara uku riba ce. A Amurka garantin inji da giya na shekara 10 ko mil 100,000 na mai saye na farko ne kaɗai, ba ya bin motar gaba ɗaya zuwa hannu na biyu, balle idan ta tsallaka wata ƙasa. Kada a sa shi cikin lissafi sai an ga rubuce.

Mazda6

Wannan ta mai son tuƙi ce da kuma mai son ɗaki mai kyau. Gyaran da aka yi mata a 2018 ya ƙara abin hana ƙara, ya sake kujeru da dashbod, har babban ajinta ya zo da fata mai laushi da katako na gaske. Giyarta mai hawa shida tsohon tsari ne, amma ba ta neman hawa, ba ta jinkiri, kuma ta daɗe tana nuna juriya. Mai turbo ɗin tana ba da Nm 420 tun daga juyi 2,000, ƙarfin da ake ji a baya da zarar an taɓa totur, doki 227 da fetur na gama-gari, 250 da mai daraja.

Amma but ɗinta ne mafi ƙanƙanta, bayanta ya fi matsewa ta faɗi, ƙofar baya ba ta buɗewa sosai, ita ce kuma mafi shan mai. A mai turbo a duba bayan injin ko akwai sawun ruwan lagireto, domin an samu masu tsagewar kan silinda. An daina sayar da ita a Amurka bayan 2021, aka tsayar da ƙera ta a Japan a 2024. Kayan inji ba za su yi wuya ba tunda Mazda CX-5 tana amfani da irinsa, amma fitila, bamba da gilashi za su ƙara wahalar samu da shekaru.

Maganar haɗin lantarki

Lissafin a fili yake. Mai yin kilomita 20,000 a shekara da Camry ta fetur zalla zai ƙona kimanin lita 1,480. Mai haɗin lantarki, da ke cin lita 4.5 zuwa 5 a kilomita 100, za ta tsaya tsakanin 900 da 1,000. Wato rarar kusan lita 500 duk shekara, kuma a cunkoson gari tazarar ta fi haka, domin a nan ne injin ke kashe kansa batir ya ɗauka. A doguwar hanya da gudu ribar tana raguwa.

Mutane suna tsoron sarƙaƙiyarta, amma ta Toyota ta rage sassa ne: babu kikstata, babu altaneta, babu kuloci, giyarta haƙoran ƙarfe ne da injinan lantarki biyu, ba bel. Birki ma ya fi daɗewa saboda injin lantarki ke yin wani ɓangare na aikin tsayawa. Ta Honda injin lantarki ne ke jan taya yawancin lokaci, injin fetur mai lita 2.0 mara turbo yana samar da wuta, don haka ta kuɓuta daga matsalolin 1.5 da na CVT gaba ɗaya. Ta Sonata tana da giya ta gargajiya mai hawa shida.

Abokin gabar batir zafi ne. A Camry batirin yana ƙarƙashin kujerar baya, yana shaƙar iska daga cikin ɗaki ta wata 'yar ƙofa mai raga a gindin kujerar. Idan ƙura, gashi ko ledar da yara suka yar ta toshe ta, batirin zai riƙa dahuwa a hankali. A tsabtace ragar duk lokacin juye. Toyota ta ba batirin garantin shekara 10 ko kilomita 240,000 a Amurka daga motocin 2020, daga zubin 2025 kuma Camry a can duk mai haɗin lantarki ce, doki 225. Wanda zai sayi ta hannu ya sa a haɗa kwamfuta a karanta ƙarfin kowane rukunin batir. Idan ɗaya ya yi ƙasa da sauran sosai, canji ya kusa. Ya kuma tabbata akwai mai gyaran da ya san wutar mai ƙarfi a inda yake zaune.

Wa ya dace da wacce

Wanda zai riƙe mota shekara goma, yana nesa da ƙwararrun masu gyara, ko ya san kansa ba mai bin jadawalin juye ba ne, Camry 2.5 a kan rim 17 ce tasa. Ita ce ta fi yafe sakaci.

Mai manyan 'ya'ya, ko kujerun jarirai biyu da keken turawa, ko mai yawan ɗaukar iyaye da kaya a doguwar tafiya, ya nufi Accord. A cikin Accord ɗin kuma mai haɗin lantarki ce zaɓin da ya fi kwantar da hankali, sai 2.0 ga mai son ƙarfi. Mai 1.5 a saye ta ne kawai idan akwai takardun juye, an ga tashinta a sanyi, sandar mai ba ta warin fetur.

Mai yawo a cunkoso kullum, ko wanda ke wuce kilomita 20,000 a shekara, Camry ko Accord mai haɗin lantarki za ta mayar masa da ƙarin kuɗin saye cikin 'yan shekaru. Wanda motarsa ke kwana a gida mako guda ba a tayar ba, ribar ba za ta zo ba, kuma batir ba ya son dogon zama.

Mai ƙaramin kasafi da ke son sabuwar fasaha, kuma ba ya shirin sayarwa da wuri, ya nemi Sonata daga 2020 zuwa sama. Ta 2011 zuwa 2019 kuwa, sai da shaidar cewa an yi mata aikin kiranye ko an canza injin.

Mai iyali ƙarami, mutum biyu da yaro ɗaya ko biyu, wanda shi ke tuƙa kansa kuma yana jin daɗin hakan, Mazda6 za ta fi faranta masa. Ya zo da kujerar yaron da babban akwatin tafiya ranar gwaji, ya ɗaura ɗaya, ya saka ɗaya a but, ya ga ko ƙofar ta rufu.